Stonehenge ko Avebury? Amsa ga mai rana ɗaya

Ƙanena da ka tambaya wai rana ɗaya gare ka kafin a koma karatu, ka je Stonehenge, tsoffin duwatsun nan da mutanen dā suka kakkafa a zagaye a Ingila, ko akwai inda ya fi, to ni dai shekarata shida a Swindon ina aiki kuma duk baƙon da ya zo min daga gida Avebury nake kai shi, wani ƙauye mai irin waɗannan duwatsun. Stonehenge tikiti za ka saya da tsada a tsaida kai bayan igiya kana hange. Avebury kuwa duwatsun kyauta ne, bas mai lamba 49 daga Swindon zai aje ka tsakiyar ƙauyen, kuma wani sashen ƙauyen ma cikin zagayen duwatsun yake, tumaki na kiwo a gindinsu, ka dafa da hannunka ba mai ce maka kanzil. Sun haura shekara 4,000 a tsaye.

Wajen ƙarni na 14 mutanen ƙauyen sun riƙa haƙa rami suna binne duwatsun, to a 1938 da Alexander Keiller, wani mai binciken kayan tarihi, yake tono sai ga ƙwarangwal ɗin mutum ƙarƙashin wani dutse da almakashi da 'yan sulallansa, saboda almakashin aka ɗauka wanzami ne, har yau dutsen wanzami ake ce wa dutsen. Na daɗe tsaye a gun wallahi, ka ga girman dutsen sai tsigar jikinka ta tashi.

Bayan cocin ƙauyen akwai gidan manor, a 1114 wurin na wasu sufayen Kirista ne daga Normandy. Shi manor ɗin nan in kana so ka gane shi ka tuna gandun sarki, talaka na da 'yar gonarsa amma dole ya ba gonar ubangidan ƙasa wasu kwanaki a sati, sannan coci ta ɗauki ɗaya cikin goma na amfanin gona. Coci fa manyan masu ƙasa ne lokacin. In ka samu wata ranar ka je garin Bradford-on-Avon ka ga rumbun dutse mai tsawon mita 51, na matan zuhudun Shaftesbury ne, tun 1001 garin ke hannunsu sai 1539 Sarki Henry na 8 ya ƙwace.

Ka sa takalmin da ba ka jin tausayinsa dan laka ba ta da kirki, ka kuma riƙo guzurinka. Tudun Silbury, wanda mutanen dā suka tara da hannu, na kusa, ka taka ka gani amma an hana hawa.