Kuɗin riɗi da hannun jarin banki: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Malam, na sayar da riɗi, ina son sayen hannun jarin banki. Amma tun da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na 2023 nake tsoron saka kuɗi a ko'ina. Manomi daga Maigatari.

Amsa: Ɗan'uwa, wanda ya ga yadda kasuwarku ta yi tsit a lokacin ba zai ga laifinka ba. Amma ka rarrabe ajiya da hannun jari. Idan banki ya rushe, hukumar NDIC, mai inshorar kuɗin ajiya a bankuna, tana biyan mai ajiya har naira miliyan 5 tun daga 2024, a ƙananan bankuna kuma miliyan 2. Mai hannun jari kuwa shi ne ƙarshen layi, sai an sallami masu ajiya da masu bin bashi kafin a waiwaye shi, in da saura. A watan Yunin 2024, Babban Banki ya soke lasisin Heritage Bank. Saboda haka ka fara ware kuɗin taki, iri da hatsin gida har kaka. Abin da ya rage, wanda ba za ka nema ba sai bayan shekara uku zuwa biyar, shi za ka saka, ta hannun dillalin da ke da rajista da SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari.

Tambaya: Mijina ya rasu ya bar wa marayu kuɗi, ina gudun kuɗin ruwa. Uwar marayu daga Gumel.

Amsa: Allah ya jiƙansa, Hajiya, ya raya abin da ya bari. Akwai bankunan Jaiz, TAJBank da Lotus, ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, akwai kuma Sukuk, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa na gwamnatin tarayya. Dukiyar marayu kada ki kai ta kasuwar hannun jari.

Tambaya: Wani a WhatsApp ya ce zai saka min kuɗi a banki, duk wata in samu kashi 30. In ba shi? Matashi daga Bichi.

Amsa: Haba, yaro! Wane banki ne ke haihuwa duk wata? Ribar hannun jarin banki sau ɗaya ko biyu ake raba ta a shekara, wata shekarar ma shiru. Damfarar MMM ta cinye kuɗin mutane a 2016, ta CBEX ta maimaita a 2025, har yanzu ba mu daddara ba? Salonsu ɗaya ne. A biya ka wata na farko da kuɗin wanda ya shigo bayanka, ka ruɗe, ka sayar da awakin mahaifiyarka, ka jawo abokanka na majalisa, ran nan ka buga waya ka ji a kashe. Abin da ya fi ƙona min rai, sun san tsadar rayuwa ta matse mutanen karkara, shi ya sa suke zuwa da jallabiya da rantsuwa. Ka ce ya nuna maka lambar rajistarsa, ka duba ta da kanka a shafin SEC. Kuma kada ka ba kowa lambar BVN ɗinka ko lambar sirrin da banki ya turo maka a waya.