Tambaya da Amsa: Ana iya sanin nauyin cibiyar ƙwayar zarra da ba a taɓa aunawa ba?

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe na lise, daga unguwar Birni a nan Damagaram. Malaminmu na fizik ya ce cibiyar ƙwayar zarra ba ta kai nauyin furoton da niwtiron ɗin da suka haɗu suka yi ta ba, kuma wai masana suna faɗin nauyin cibiyoyin da ba wanda ya taɓa gani. Wannan ilimi ne ko kintace?

AMSA: Ɗana, malaminka bai yi kuskure ba. Idan ka tara nauyin furoton 2 da niwtiron 2, sannan ka auna cibiyar heliyom da suka haifar, za ka tarar ta gaza da kusan kashi 7 cikin 1,000. Abin da ya ragu ya fita ne a matsayin makamashi lokacin haɗuwar, bisa ƙa'idar Einstein, E = mc², wadda ta ce nauyi na iya komawa makamashi, don haka wanda ya san nauyin cibiya ya san ƙarfin ɗaurinta.

A 1935 wani Bajamushe, Carl Friedrich von Weizsäcker, ya ɗauki cibiya tamkar ɗigon ruwa, ya tsara mata lissafi. Ka tuna cunkoson ƙofar fadar Sarkin Damagaram ranar hawan salla: wanda ke tsakiya yana da maƙwabci ta ko'ina, na bakin taro kuwa gefe ɗaya kawai ya dogara da shi. Haka yake a cibiya, inda yawan ƙwayoyi ke ƙara ɗauri, amma na gefe suna rage shi. Sai kuma furoton, waɗanda cajinsu iri ɗaya ne, suna ture juna, kuma turin yana ƙaruwa da sauri idan sun yi yawa. Lissafin ya ƙunshi cewa cibiya ta fi natsuwa idan tazarar yawan furoton da niwtiron ba ta yi faɗi ba, da kuma idan kowane iri ya zo bibbiyu. Da wannan kaɗai ana gane dalilin da ya sa yuraniyom ɗin Arlit, mai furoton 92, yake ba da makamashi kusan MeV 200 (MeV ma'aunin makamashi ne a fannin ƙwayar zarra) idan cibiyarsa ɗaya ta tsage, domin gutsattsarin biyu sun fi uwarsu ɗauri.

Sai dai ɗigon ruwa bai san komai ba game da lambobi 2, 8, 20, 28, 50, 82 da 126. Duk cibiyar da yawan furoton ko niwtiron ɗinta ya faɗa kan ɗayansu tana fin abin da lissafin ya faɗa ɗauri. Kuza mai furoton 50 misali ce, haka nau'in darma mai furoton 82 da niwtiron 126. A 1949 Maria Goeppert Mayer a Amurka da Hans Jensen a Jamus suka nuna cewa ƙwayoyin suna zama ne hawa-hawa, kuma waɗannan lambobi su ne inda hawa ke cika. Aikin ya ba su kyautar Nobel a 1963. Tsare-tsaren zamani, irin wanda Peter Möller da abokan aikinsa suka fitar a 1995, suna haɗa ɗigon ruwan da gyaran hawa-hawa, har kuskuren ya sauko daga kusan MeV 3 zuwa ƙasa da MeV 1.

To, ilimi ne ko kintace? A ganina amsar ta dogara ga inda aka tsaya. Cibiyoyin da aka auna nauyinsu sun kai kimanin 2,500, alhali ana hasashen kusan 7,000 za su iya wanzuwa. Da waɗanda aka auna ake daidaita lissafin, shi ya sa tsare-tsaren suke yin baki ɗaya a kusa da su. Da zarar an nausa wajen cibiyoyi masu tarin niwtiron, sai kowane ya kama gabansa, bambancinsu ya kai MeV da dama. Matsalar ita ce, ta hanyar waɗannan cibiyoyi masu gajeren rai, da yawansu ba sa cika daƙiƙa ɗaya, zinariya da yuraniyom suke samuwa a sararin samaniya, kamar a karon taurarin niwtiron biyu da aka gano ranar 17 ga Agusta 2017. Wannan ne ya sa wurare irin CERN, ɗakin binciken ƙwayar zarra na Turai da ke kusa da Janeba, suke ƙera irin waɗannan cibiyoyi ɗaya bayan ɗaya, suna auna su kafin su ruɓe, a ga wane tsari ne ya faɗi daidai.