Amsa kan horon labaran safe, daga zauren 'yan rediyo na Damagaram

Salamu alaikum 'yan zaure. Ƙanena, na ji muryarka kan horon da ka ce za a shirya wa gidajen rediyon gwamnati don gyara labaran safe, kana tambaya wane darasi ya kamata a sa. Darasi ba wuya. Wa za a tura, kuma ina za a yi shi?

Don mun saba gani. Takarda ta zo daga Yamai, darakta ya ɗauki jaka, ya yi kwanakinsa a otel, ya karɓi perdiyem, wato kuɗin guzuri, ya dawo. Yaron da ke buɗe makirfo bayan sallar asuba ko labari bai ji ba. Kamata ya yi mai horon ya zo nan, ya tashi da asuba ya shiga studiyo tare da su, ya ga da me suke hawa iska.

Mutumin Garin Malam ko Kara-kara in ya kunna rediyo da safe, so yake ya ji ko famfo zai kawo ruwa yau. Garin nan tun zamanin Turawa ruwa ke ba shi wuya, har yana cikin dalilan da aka mai da babban birni Yamai a 1926. Amma sai a buɗe da taron buɗe wani taro, ana ta jero sunayen manyan baƙi. A unguwarmu mun yi kwanaki famfo ko ɗigo babu, mata da yara sun jera bido tun tsakar dare, 'yan ga-ruwa sun ninka kuɗi, rediyo ba ta ce uffan ba. Wallahi har yau abin na ci mini rai. Ba wanda ya taka ya tambayi masu ruwan yaushe zai dawo, ba wanda... kai, bari dai. Ban ce kar a faɗi taron manya ba, a faɗa, amma a jimla biyu, bayan ruwa.

Sai farashi. Tiyar hatsi nawa ta kwana a kasuwar Dole, nawa a Mirya da Matamai? Ku saurari Studio Kalangou, masu haɗa shirye-shiryen rediyo a Yamai, tun 2016 suke barin manomi da 'yar kasuwa su yi magana da bakinsu.

Kuma duk wannan sai da kuɗin kabu-kabu da na kiran waya, don ɗan rahoto ya zaga gari da yamma ya kwana da labarinsa a hannu. Ka duba ko an sa su a kasafin, ka turo mini tsarin in gani kafin ku miƙa.