Amsa: Yadda yara za su yi bincike kan dabbobin yankunan ƙanƙara

Malama, kin tambayi inda 'yan ajinki za su samo ingantaccen bayani kan dabbobin yankunan ƙanƙara, a intanet ko a laburare.

Kafin su taɓa kwamfuta, ki buɗe musu taswira su ga yankunan biyu ne: Arktik can ƙuryar arewa, Antaktika can ƙuryar kudu. Nan yara suka fi tuntuɓe. Farin beyar a Arktik kaɗai yake, tsuntsun fengwin kuwa ɗan kudu ne, ba sa haɗuwa, duk da zanen katun kan haɗa su.

Sai kowane yaro ya ɗauki dabba ɗaya da tambaya ɗaya, misali: yaya namijin babban fengwin yake kwanci kan ƙwai kusan wata 2 bai ci komai ba? Shafukan National Geographic Kids da British Antarctic Survey suna da bayani mai sauƙi, sai dai da Turanci ne, za su buƙace ki kusa.

Kada su kwafo rubutu kai tsaye; su gwada shi da littafi, su duba shekarar bugu, domin alƙaluman yawan dabbobi suna canzawa. Ma'aikacin laburare zai nuna musu sashen dabbobi, lamba 590 a tsarin Dewey, wato tsarin jera littattafan laburare bisa lambobi.