Me ya sa kuɗin gwajin kyamarar ciki ya bambanta daga Njamena zuwa Garwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni mazaunin Kuseri ne, a arewacin Kamaru. Mahaifina ya haura shekara 60, ya daɗe yana fama da ciwon ciki, muna ta saya masa maganin olsa. A 'yan watannin nan ya rame, kuma da ya ci loma biyu sai ya ce ya ƙoshi. Likitan da ya duba shi ya rubuta mana fibroskopi da biyopsi. Na tsallaka Njamena na tambayi kuɗin, na sa an tambayar mini a Marwa da Garwa, ƙanina kuma ya tambaya a Yawunde. Kowa da nasa farashin, wani ma ya kusa ninka wani sau uku. Shin ba aiki ɗaya ba ne? Mai arahar yana da inganci kuwa? Kuma in muka ce a bar biyopsin, za a yi mana ragi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka maka da alheri bisa wannan ɗawainiya.

Zan fara da tambayarka ta ƙarshe domin ita ce ta fi damuna. Kada a bar biyopsin, wato tsinko ɗan nama daga tumbi a duba shi. Dattijon da ya wuce 60, yana ramewa, yana ƙoshi da wuri, shi ne ainihin wanda aka tanadi wannan gwajin dominsa. Idon likita yana iya ganin gyambo a bangon tumbi, amma ido kaɗai ba ya rantsewa cewa wannan gyambon na olsa ne ko kuwa ciwon daji ne ya fara da kamar olsa. Abin da ke raba gardamar shi ne ɗan naman da aka tsinko aka duba a ƙarƙashin madubin likita. In aka saka kyamara aka fito ba tare da an ɗauko komai ba, akwai yiwuwar wata biyu nan gaba a ce ku dawo a sake, ka biya sau biyu, lokaci kuma ya tafi.

Game da farashi kuwa, yawancin bambancin da ka ji ya taso ne daga abin da kowane wuri ya cusa cikin kuɗin da ya faɗa maka. Abin da kake kira gwaji ɗaya ayyuka ne da dama, kuma ba lalle ne a yi su duka a gini ɗaya ba. Akwai ganin likitan ciki kafin aikin. Akwai saka kyamarar kanta, fibroskopin ke nan, wato siririn bututu mai fitila da ake zurawa ta baki ya bi maƙoshi ya shiga tumbi har farkon ƙaramin hanji, aikin da ba ya wuce minti 10 zuwa 15. Akwai maganin kashe zafi ko na barci, akwai ɗan hantsakin da ake tsinko naman da shi. Sannan akwai karanta naman, abin da ma'aikatan asibiti a nan ke kira anapat. Wanda ya faɗa maka ƙaramin kuɗi sau da yawa kuɗin saka kyamarar kaɗai ya faɗa. Wanda ya faɗi mai yawa wataƙila ya haɗa da barci da anapat. In ba ka tambaya ba, ma'aikacin da ke kan teburin karɓar kuɗi ba zai yi maka wannan bayanin ba, domin shi abin da ke cikin takardarsa yake karantawa.

Anapat ɗin nan shi ya fi wahalar da mutanenmu na arewa, don haka bari in tsaya a kansa. Naman da ake ɗaukowa bai fi ƙwayar gero ba, milimita 2 zuwa 3. Nan take ake jefa shi cikin 'yar kwalba mai ruwan fomalin, a rubuta sunan majiyyaci da sashen tumbin da aka tsinko shi. A ɗakin gwaji za a daskarar da shi cikin kakin farafin, a yanka shi siriri ƙwarai, a rina shi, sannan likitan da ya ƙware a karatun nama ya zauna ya duba. Irin waɗannan likitoci kaɗan ne a Kamaru, kuma akasarinsu suna Yawunde da Duwala. Cibiyar Pasteur ta Kamaru tana da reshe a Garwa, amma uwar cibiyar tana Yawunde, kuma sau da yawa kwalbar da aka cika a arewa sai ta yi tafiya kudu. Daga Ngaundere kaɗai zuwa Yawunde layin dogo ya haura kilomita 600, ka ƙara da hanyar Garwa da ta Marwa. Wannan tafiyar kuɗi ce, kuma wani ne zai biya. Wani asibitin yana da yarjejeniya da ɗakin gwaji, shi zai aika, sakamako ya dawo masa, sai ya saka kuɗin a cikin lissafinka. Wani kuma kwalbar zai miƙo maka a leda tare da takarda, ya ce ka san yadda za ka yi da ita. Na sha ganin iyali sun ajiye irin wannan kwalbar a kan kwaba makonni suna jiran wani ɗan'uwa mai tafiya kudu, majiyyacin kuma yana ta ƙara lalacewa. Wannan abin yana ƙona mini rai, domin an riga an sha wahalar, an biya mafi yawan kuɗin, abin da aka zo nema ne aka bari a kwalba.

Wasu ɗakunan gwajin kuma da kwalba suke lissafi. In likita ya raba naman gida biyu, na ƙasan tumbi daban, na tsakiyarsa daban, kuɗin karatu na iya ƙaruwa. Kada ka ɗauka dabara ce ta cin kuɗi. Ƙa'idar da likitoci ke bi wajen neman kumburin tumbi, wadda ake kira tsarin Sidni, ta ce a ɗauki guda 5 daga wurare daban-daban, in kuma gyambon yana da alamar zargi akan ɗauki 6 zuwa 8 daga gefensa. Wani lokaci bayan karatun farko mai karatun yana buƙatar ƙarin rini na musamman don ya tantance irin ciwon, wannan ma kuɗinsa daban ne.

Abu na biyu mai ɗaga farashi shi ne barci. Ana iya yin fibroskopi mutum na farke: a fesa masa maganin kashe zafi na lidokayin a maƙoshi, ya kwanta ta gefen hagu, a sa masa wani roba tsakanin haƙora, ya yi ta numfashi ta hanci. Ba daɗi, akwai yunƙurin amai da hawaye, amma ba ciwo ne mai tsanani ba, tsinko naman ma ba a jin sa domin fatar cikin tumbi ba ta jin yanka. In kuwa za a ba da allurar barci irin su furofofol, sai an kira mai ba da maganin barci, a tanadi iskar oksijin da na'urar sa ido, a ba shi gado ya farfaɗo. A asibitocin kuɗi na manyan birane wannan kaɗai na iya yin babban kaso na lissafin. In aljihu ya matse, nan ne wurin da za ka iya ragewa ba tare da ka cuci Baba ba, muddin likitan ya ga zai iya jurewa. Dattijo mai ciwon zuciya ko na huhu ma feshin maƙoshi ya fi masa ƙarancin haɗari.

Sai kuma abin da ba a rubutawa a rasit amma kai ke biya. Na'urar daga waje ake sayo ta, galibi ƙirar Japan ce, irin su Olympus da Pentax da Fujifilm, tana shigowa ta tashar ruwan Duwala. In ta lalace a Marwa ko Njamena babu mai gyara a bayan gida, sai an tura ta nesa, ɗakin ya zauna a rufe. Wutar arewacin Kamaru ta dogara sosai da madatsar Lagdo a kan kogin Binuwai, in ruwa ya ja baya a bazara ana ɗauke wuta, asibiti ya koma kan janareta, man kuma a cikin kuɗin majiyyaci yake fitowa. Chadi ba ta da teku, kayanta da yawa ta Duwala suke biyowa su ratsa Kamaru gaba ɗaya kafin su haye gadar Ngeli, don haka kada ka yi mamaki in kayan aiki sun fi tsada a can duk da cewa sefa ɗaya muke kashewa. A Yawunde da Duwala likitocin ciki sun fi yawa, masu na'ura suna gasa, akwai mai tsada ƙwarai akwai mai sauƙi. A garin da likita ɗaya ne da na'ura ɗaya, farashin da ya faɗa shi ne farashi. Asibitin gwamnati da na mishan galibi sun fi na kuɗi rangwame domin albashi da gini ba duka ne ke kan majiyyaci ba, sai dai layi ya fi tsawo. Shirin kiwon lafiya na bai-ɗaya da Kamaru ta ƙaddamar a 2023 ya fara ne da mata masu ciki, da yara 'yan ƙasa da shekara 5, da masu wankin ƙoda, da masu tarin fuka da cutar kanjamau, saboda haka ka shirya cewa wannan gwajin daga aljihunka zai fito.

Hausawa na cewa araha ba ta ado, amma a nan ba kullum maganar ke tabbata ba. Na san wurare masu sauƙin kuɗi da ke aiki tsaf, kuma tsada ba ta zama shaidar tsabta. Abin da ya kamata ka bincika shi ne wankin na'urar. Bayan kowane majiyyaci dole a wanke bututun ciki da waje da buroshi, a jiƙa shi cikin maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su gulutaraldehaid na tsawon lokacin da aka ƙayyade, a ɗauraye, a busar. Hantsakin kuma ko dai sabo ne fil daga leda, ko kuma irin wanda ake dafawa a tukunyar tururi. A yankinmu inda ciwon hanta nau'in B ya yi yawa, wannan ba abin wasa ba ne. Ka tambaya cikin ladabi, ba rashin kunya ba ne: hantsakin sabo ne, kuma mutum nawa ake yi wa a rana da na'ura ɗaya? Wurin da ke aiki da gaskiya ba ya jin haushin wannan tambayar.

Yanzu ga yadda zan yi in ni ne kai. Zan koma wa kowane wuri da tambaya ɗaya: nawa zan kashe daga yau har ranar da takardar anapat za ta shigo hannuna, likita ya karanta mini ita? Su faɗa maka ko akwai barci a ciki, ko hantsakin kai za ka saya a famasi, wa zai aika kwalbar, ina za a kai ta, kwana nawa sakamako ke ɗauka. Sannan ka ɗora kuɗin hanya na mutum biyu, da masauki, da abinci, da kwanakin da za ka bar kasuwa. Kai da ke Kuseri, Njamena tsallaka gada ce kawai, Marwa kuwa tafiyar sama da kilomita 200 ce ta Waza da Mora a kan hanyar da kowa ya san wahalarta, balle ga tsoho marar ƙarfi. In ka haɗa wannan lissafin, mai yiwuwa wurin da ya fi tsada a baki ya zama shi ne mafi sauƙi. Yawunde tana da fa'ida ɗaya babba, kyamara da anapat duk a gari ɗaya suke, kuma kana da ƙani a can. In jikin Baba zai ɗauki tafiyar, kuma likita na zargin za a buƙaci tiyata, tafiyar na iya zama ba asara ba.

Akwai kuma wata hanyar asarar kuɗi da mutane ba su sani ba. Ɗaya daga cikin abubuwan da ake nema a naman shi ne ƙwayar cutar Helicobacter pylori, wadda Barry Marshall da Robin Warren na Ostareliya suka nuna ita ce ke haddasa mafi yawan olsa, aka ba su kyautar Nobel a 2005, kuma tun 1994 hukumar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin abubuwan da ke jawo dajin tumbi. Maganin olsa na omefirazol da danginsa, wanda na tabbata Baba yana sha, yana ɓoye ƙwayar, sai gwaji ya nuna babu alhali tana nan. Ƙa'ida ita ce a dakatar da shi mako 2 kafin gwajin, magungunan kashe ƙwayoyin cuta kuma mako 4. Sai dai ga mai alamomi irin na Baba ba a jinkirta kyamara don wannan kawai, likitan ne zai yanke. Ka kwashe duk magungunan da yake sha a leda ka kai masa, har da na gargajiya da na ciwon jiki irin su diklofenak da ake saye a bakin titi, da asfirin in yana sha. Ranar gwajin kada ya ci komai aƙalla awa 6 kafin a shiga, kunu da fura ma abinci ne. In yana da ciwon suga a faɗa tun da wuri domin a ba shi layin safe.

In kafin ranar ya yi aman jini, ko bayan gidansa ya koma baƙi ƙirin mai wari, ko ruwa ma ya ƙi wucewa, ka bar kwatanta farashi ka kai shi asibiti mafi kusa a wannan daren.

Wani abu kuma da zai taimaka maka wajen zaɓen wuri: in aka sami gyambo a tumbi, ƙa'ida ce a sake saka kyamara bayan mako 8 zuwa 12 na magani don a tabbatar ya warke, wani lokaci a sake ɗaukar nama. Saboda haka ka zaɓi wurin da za ku iya komawa, ka kuma karɓi rahoton fibroskopin a rubuce, da hotuna in akwai, da lambar da aka rubuta a jikin kwalbar, domin da ita za ka bi sawun sakamakon in ya yi jinkiri.