Amsa ga ɗanmu da ya tambayi yadda aka ji da mulkin soja

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun shekaranjiya na ga tambayar da wani ɗanmu ya ajiye a zauren nan, inda yake cewa: "Iyayenmu da kuka ga mulkin soja, don Allah da gaske ne an fi tsaro da sauƙin rayuwa a lokacin? Ga Nijar sun kori 'yan siyasa, mu ma ba gara soja su karɓa ba? 'Yancin magana ai ba ya cika ciki." Na karanta amsoshin da aka ba shi, wasu sun zage shi, wasu sun yaba masa. Ni ba zan zage ka ba ɗana, domin na san abin da ya sa ka faɗi haka. Wanda aka kori danginsa daga ƙauyukan Batsari ko Jibiya, ko yake sayen kwanon masara a farashin da a da ake sayen buhu, yana da dalilin da zai nemi canji ko daga ina. Zan dai ba ka labarin abin da idona ya gani, sai ka auna da kanka.

Sana'ata a wancan zamani sayar da jarida. Na fara tun ina yaron wani a ƙarshen mulkin Shagari, lokacin ma Katsina tana cikin jihar Kaduna, don sai 1987 aka ba mu tamu jihar. Daga baya na samu teburina na kaina a cikin gari. Da hantsi motar kaya take isowa da New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridun Legas kuwa sau da yawa sai sun kwana a hanya. Mu karɓa daga hannun ejan, mu sayar, mu mayar da kwantai, a ba mu kamashonmu. Kuma duk mai tebur yana da jama'arsa ta masu karatun tsaye: malaman makaranta, ma'aikatan sakatariya, 'yan fansho, masu jiran aiki. Ba su saya, amma su ne ran wurin. A zamanin Shagari har kusan dambe ake yi a gaban teburin maigidana tsakanin 'yan NPN da 'yan PRP, a zagi gwamna, a zagi shugaban ƙasa, la'asar ta yi kowa ya tafi masallaci sahu ɗaya.

Da soja suka karɓa ranar 31 ga Disamba 1983, wallahi murna muka yi. Ban ɓoye maka ba. An gaji da 'yan siyasa kamar yadda kuka gaji yanzu, ga shi kuma wanda ya hau namu ne, ɗan Daura, marigayi Janar Buhari, Allah ya jiƙansa. Aka kawo yaƙi da rashin ɗa'a, mutane suka koyi bin layi, ma'aikaci ya koma zuwa ofis a kan lokaci. Waɗannan duk sun faru. Amma a cikin 1984 ɗin nan aka kafa dokoki biyu da ya kamata duk mai kiran soja ya san su. Doka ta 2 ta ba gwamnati ikon tsare mutum ba tare da an kai shi kotu ba. Doka ta 4 kuma ta ce duk wanda ya buga abin da zai kunyata gwamnati ko jami'inta zai fuskanci hukunci, kuma kasancewar labarin gaskiya ne bai isa ya cece ka ba. Da ita aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda, a kan labarin waɗanda za a naɗa jakadu. Mu a nan ba mu damu ba, muka ce 'yan jaridar Legas ne, bakinsu ya ja musu.

Ka lura da abin da ya biyo baya. A watan Agusta 1985 Babangida ya kifar da gwamnatin, kuma shi kansa Janar Buhari aka tsare shi a birnin Benin fiye da shekara uku, ba kotu, ba lauya, ba ranar fita. Mutanen Daura suna ji suna gani, ba inda za su kai kuka. Ramin da aka haƙa domin wasu, ga wanda ya faɗa ciki. Babangida ya soke Doka ta 4, ana ta tafi, amma Doka ta 2 ya riƙe abarsa. Ranar 19 ga Oktoba 1986 aka aika wa Dele Giwa, editan Newswatch, bam a cikin ambulan har gidansa, kuma har yau ba a hukunta kowa a kan jininsa ba. A 1987 aka rufe mujallar kanta wata shida. Daga nan sai soke zaɓen 12 ga Yuni 1993, sai Abacha a watan Nuwamba na shekarar.

A zamanin Abacha ne abin ya iso teburina. A 1994 aka rufe Guardian da Punch da Concord. Mujallu irin su Tell da TheNews da Tempo suka koma bugawa a ɓoye, yau a wannan maɗaba'a gobe a waccan. Mukan samu kwafi goma ko ashirin a ƙasan ɗaurin wasu jaridu. Ba ka baza su a fili. Nakan sa su cikin buhun siminti a ƙarƙashin tebur, wanda na sani ya zo ya ce "akwai saƙona?", in naɗe masa a cikin Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya soka a aljihun riga ya wuce.

Wata ranar Litinin a 1995, bayan an fara kame a kan zargin juyin mulki, wata mota ta tsaya a gabana, mutum uku suka fito cikin kayan gida. Ba su ɗaga murya ba. Ɗaya ya yi sallama, ya sunkuya kai tsaye ya jawo buhun nan, wato an riga an gaya musu inda yake. Suka ce in shiga mota. Kwana biyu na yi a wani ɗaki da ba taga, tambaya ɗaya ake maimaita mini: su wa ke saye? Suka ajiye mini takarda da biro. Ni kuwa masu sayen nan malamaina ne, da maƙwabtana, har da wanda ya yi mini waliyyin aure. Na ce jama'a ne masu wucewa, ban riƙe fuska ba. Na sha mari a kan wannan amsa. A rana ta uku wani dattijo a unguwarmu da ake jin maganarsa ya je ya tsaya mini, na sa hannu cewa ba zan sake ba, aka sallame ni. A kwana biyun nan mahaifiyata ba ta san inda nake ba, ta aika asibiti, ta aika tasha, duk inda aka je sai a ce ba a san zancen ba.

Marin ya warke a mako guda. Abin da bai warke ba shi ne, da na koma tebur sai na riƙa duban fuskokin masu karatun tsaye ina tambayar zuciyata, wane ne a cikinsu? Mutanen da muka shekara goma muna shan shayi tare. Su ma suka janye jiki, don ba mai son a gan shi a wurin wanda aka taɓa ɗauka. Majalisar ta mutu. In mutum biyu suna magana na uku ya iso, sai zance ya koma na damina da farashin taki. Har a cikin gida, in za a kama BBC ko Muryar Amurka ko Jamus da dare, sai ka ga maigida ya rage murya ya kara rediyo a kunne, alhali ba wata doka da ta hana saurare. Tsoron ne ya riga ya zauna a jiki. Wannan shirun shi ne wasu ke tunawa yau suna kiransa kwanciyar hankali.

In kana ganin ƙananan mutane irina kawai abin ya shafa, to ga Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, Tafidan Katsina. Mutumin da ya yi mataimakin shugaban ƙasa na soja daga 1976 zuwa 1979, ɗan Matawallen Katsina, mai dukiya, mai jama'a a kowane lungu na ƙasar nan. A taron tsara tsarin mulki ya tsaya kai da fata sai an sa wa soja ranar sauka, taron kuma ya tsayar da Janairu 1996. A watan Maris 1995 aka kama shi, aka yi masa shari'a a asirce a kotun soja, aka yanke masa kisa, daga baya aka mayar da shi ɗauri. A wannan shari'a aka haɗa da Obasanjo, da Shehu Sani, da 'yan jarida huɗu: Kunle Ajibade, Chris Anyanwu, George Mbah da Ben Charles Obi. Ranar 8 ga Disamba 1997 Tafida ya rasu yana fursuna a Abakaliki, yana da shekara 54. Ina cikin waɗanda suka bi gawarsa. Ban taɓa ganin Katsina ta cika haka ba, manya da furfura suna kuka kamar yara. Kowa yana da tambaya a bakinsa, yaya mutum mai lafiya ya tafi ya dawo a likkafani, amma sai dai a kalli juna a ce Allah ya isa. Sai bayan 1999, a zaman kwamitin Oputa mai binciken take haƙƙin ɗan Adam, aka fara jin wasu abubuwan wancan zamani a bainar jama'a. Haka Bagauda Kaltho, ɗan jaridar TheNews a Kaduna, ɗan Arewa ne, ya ɓace a 1996, iyalinsa ba su samu ko gawarsa ba.

Zan ba ka gaskiyarka a inda kake da ita. A lokacin kana iya tasowa daga Funtuwa da tsakar dare ka iso Katsina, fargabarka 'yan fashi ne jefi-jefi, babu wannan masifa ta satar mutane. PTF, hukumar asusun rarar kuɗin man fetur, ta yi tituna, ta kawo magani asibitoci, na gani. Sai dai kuma mun kwana a layin mai, mun sha man da warinsa ke sa ciwon kai. Dala tana naira 22 a farashin gwamnati, a kasuwa ta haura 80, kuma na kusa da gwamnati ne ke samun ta 22 ɗin. Kuɗin da aka kwashe a lokacin har yanzu dawo da su ake yi: dala miliyan 322 daga Suwizalan a ƙarshen 2017, wasu miliyan 311 a 2020. Sa'ad da ake kwasar su ba mu ji ko ƙyas ba, saboda wanda zai rubuta yana kurkuku ko yana gudun hijira. A 1998 jam'iyyu biyar da gwamnati ta yarda da su duk suka tsayar da mutum ɗaya, wato Abacha, takara, ana ta kiɗan tazarce, rediyo da talabijin na gwamnati suna cewa jama'a ce ke roƙo.

Ka ce 'yancin magana ba ya cika ciki. Ni a ganina shi ne bakin da mai jin yunwa ke faɗin yana jin yunwa. Ka tuna Disamba 2020 da aka kwashe ɗaliban makarantar Ƙanƙara sama da 300. Iyaye suka tsaya a bakin makaranta suna magana da 'yan jarida, waya ta ɗauka, duniya ta ji, cikin mako guda yaran suka dawo. Ban ce surutu kaɗai ya dawo da su ba, amma na tabbata ya hana a yi barci a kan lamarin. Sannan ka tuna Satumba 2021 da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jiharmu. Ina da ƙanwa da ke aure a wajen Safana. In an shiga ƙauyensu da dare ba ta da hanyar kiran kowa, sai bayan kwana biyu ko uku wani ya shigo gari mu ji wanda aka kashe da wanda aka ɗauka. Wanda yake Abuja zai ce an samu sauƙi tunda labari ya daina zuwa. To ka ɗauki wannan 'yan watannin ka shimfiɗa su a kan ƙasa gaba ɗaya shekara da shekaru.

Ban ce farar hula waliyyai ba ne. Su suka rufe Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022. Ana amfani da dokar laifukan intanet ta 2015 ana kama matasa a kan rubutun Facebook, kuma duk mun ga yaran da aka kama a zanga-zangar Agusta 2024, aka kai su kotu a Abuja suna faɗuwa don yunwa. Abin ya ƙona mini rai ƙwarai. Amma hotonsu ya fita, lauyoyi suka tsaya, jama'a suka yi ca, cikin kwanaki aka ba da umarnin sakinsu. A ɗakin da aka ajiye ni ba mai ɗaukar hoto, ba lauyan da zai shigo, kuma Doka ta 2 ta hana kotu ma tambaya.

Nijar kuwa ba sai an ba mu labari ba, Maraɗi tana nan bayan Jibiya, 'yan uwanmu ne, muna aure da kasuwa tare. Ina girmama fushinsu a kan Faransa, yana da tushe. Amma tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an dakatar da RFI da France 24, a Disamba 2024 aka dakatar da BBC wata uku, a Maris 2025 aka rushe jam'iyyun siyasa duka aka ba Janar Tchiani shekara biyar, Bazoum kuma a Yuli 2025 ya cika shekara biyu a tsare ba shari'a. Wani abokin cinikina da ke zuwa daga can, in muna waya na tambaye shi gari, sai ya ce lafiya lau, sai alheri. Sai ya tsallako mun zauna mu biyu a shago sannan yake buɗe baki, shi ma yana yi yana duban ƙofa. Na gane wannan duban, domin na yi shi shekara uku.

Kwafi ɗaya ya tsira daga kamen nan, don ranar na riga na kai shi gida, yana nan cikin akwatina har yau, takardar ta yi ja. In ka shigo Katsina ka yi mini magana ta akwatin saƙo ɗana, ka zo shago mu sha shayi in nuna maka shi, ka karanta da idonka abin da aka kwana biyu ana marina a kansa.