Tambayi Likita: Wai kwamfuta ta ce maganin ba shi da guba?

Likita, ƙwayar paracetamol nawa babba zai iya sha a yini? Daga Kaura Namoda.

Malam, kada ta wuce 8 ta miligiram 500 a awa 24, biyu-biyu, da tazarar awa shida. Ƙari yana cin hanta. In zazzaɓi ya kwana biyu bai sauka ba, a je a gwada jini.

A kasuwar Gusau wani mai magani ya sa na riƙe wani ƙarfe da aka jona da kwamfuta, ya ce ina da sanyi da dattin ciki. Ya sayar mini da jarkar tsimi, ya ce kwamfuta ta gwada shi babu guba. Gaskiya ne? Wata uwa.

Hajiya, ajiye jarkar nan tukuna, kada ki ƙara kurɓa. Ƙarfen da kika riƙe ba ya gano komai, ko wa ya riƙe sai ya ce yana da sanyi.

Amma a gindin ƙaryar akwai 'yar gaskiya, shi ya sa take shiga. Kowane sinadari yana da irin gininsa, yadda ƙwayoyin zarrarsa suka haɗu. Tun shekarun 1960 wani masani a Amurka, Corwin Hansch, ya nuna cewa daga wannan gini ana iya lissafa yadda sinadari zai yi aiki a jiki. Ana kiran hanyar QSAR. Ana loda wa kwamfuta bayanan dubban sinadarai da aka riga aka gwada a ɗakin bincike, misali da gwajin Ames, wanda ke amfani da bakteriya a ga ko abu yana lalata ƙwayoyin gado. In aka kawo sabo, sai ta duba da wa ya yi kama. Kamar tsohon makiyayi ne da zai ga ganyen da bai taɓa gani ba ya ce, wannan dangin wanda ya kashe mini tumaki ne. Yakan dace, yakan kuma kuskure. Tun 2014 ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai suna ICH M7 ta yarda kamfanonin magani su yi amfani da wannan hasashe wajen tantance gurɓatattun abubuwa a cikin magani, amma da manhaja biyu masu hanyar aiki daban, ƙwararre kuma ya duba abin da suka faɗa.

To ga inda mai maganinki ya faɗi. Kwamfutar tana buƙatar a zana mata ginin sinadari guda, sananne. Tsimin jarka kuwa sassaƙe nawa ne, saiwa nawa, kanwa nawa? Shi kansa mai haɗawa bai san sunan sinadari ko ɗaya a ciki ba. Me ya rubuta wa kwamfutar? Ba ta ganin abin da ke cikin kwalba. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 maganin haƙoran yara My Pikin ya kashe yara 84 a ƙasar nan, saboda sinadarin diethylene glycol da ya shiga ciki, kuma gwajin ɗakin bincike ne ya tono shi. Kwamfutar kuma ba ta san yawan da kike sha ba, balle ko ƙodarki ta riga ta gaji.

Na sha ganin ƙarshen wannan. An kawo mana wani magidanci ƙafafu a kumbure, kwana biyu bai yi fitsari ba, sai da muka matsa wa matarsa da tambaya ta ciro gorar tsimin da yake sha daga ƙarƙashin hijabi. Wallahi abin yana ba ni takaici, kuɗin gorar bai kai na wankin ƙoda sau ɗaya ba, amma can ta kai shi. In kin ga fitsari ya ragu, fuska ta kumbura ko ido ya yi rawaya, ki tafi asibiti a ranar, ki tafi da jarkar. Ko ba ki ga komai ba, in kin daɗe kina sha, je ki a duba ƙoda da hanta.

Kakar jaririna ta dage sai an sa masa kwalli. Daga Anka.

'Yata, daga Anka kike tambayar nan? Kwallin dutse yakan ƙunshi dalma, gubar da ta kashe yara fiye da 400 a yankinku da Bukkuyum a 2010. Ki ba Inna haƙuri cikin ladabi. In an daɗe ana sa masa, a kai shi asibiti.

Ina zuba Sniper a buhun wake don ƙwari. Maƙwabcina ya ce in yaro ya sha a ɗura masa manja. Daga Talata Mafara.

Subhanallahi! Malam, wake abinci ne, Sniper kuwa guba ce mai kama jijiyoyi da numfashi. Nemi buhun PICS mai ninki uku, ƙwarin kan mutu da kansu don rashin iska. Batun manja kuwa, kada a ɗura, kada a ba da madara, kada a sa yatsa don amai, yana iya sarƙe shi ya shiga huhu. A cire masa rigar da ta jiƙe, a wanke fatar da sabulu, a ɗauki kwalbar, a nufi asibiti mafi kusa ko da tsakar dare ne.